*DARASIN YAU: YADDA AKE AUNA SUKARI DA ZAƘI A 'YA'YAN ITATUWA*



 Tun da mangwaro ya shigo kasuwa tambaya ɗaya ce ke ta maimaituwa a saƙonninku: "Ina da ciwon suga, zan iya shan mangwaro?" Wasu kuma sun ce an hana su kankana saboda zaƙinta, an ce su koma abarba tunda ita tana da tsami. To wannan shawara ta biyun a baibai take, kuma za ku ga dalili. Darasin yana da ɗan tsawo, ku ajiye shi ku karanta a natse.

Abu na farko da za ku riƙe: zaƙi daban, sukari daban. Zaƙi shi ne abin da harshe ya ji. Sukari kuwa shi ne abin da ya shiga ciki ya wuce jini. Sau da yawa suna tafiya tare, amma ba kullum ba. Kankana da kuke jin ta zaƙi zau, a kowane giram 100 na jan cikinta sukarin bai wuce giram 6 da ɗan kaɗan ba. Abarba mai tsamin nan kuwa tana da kusan giram 10. Tsamin ne ya rufe zaƙin, sukarin yana nan daram. Tsamiya ma da muke jiƙawa a kunu, fiye da sulusin nauyin naman cikinta sukari ne, amma wa ya taɓa cewa tsamiya tana da zaƙi? Kun ga ke nan wanda ya dogara da harshe kaɗai zai iya gudun ƙaramin abu ya faɗa wa babba.

*Yadda masana ke aunawa*

Manoma da kamfanonin lemo a duniya suna da ma'aunin da ake kira Biriks, sunan wani Bajamushe ne, Adolf Brix, wanda ya rasu a 1870. Ma'anarsa mai sauƙi ce: Biriks 1 shi ne giram 1 na sukari a cikin giram 100 na ruwan abin. In an ce ruwan lemo Biriks 11 ne, to a kowane giram 100 akwai abin da ya narke a ciki wajen giram 11, kuma mafi yawansa sukari ne.

Da can da wani bututun gilashi ake awon, a tsoma shi cikin ruwan a ga iya inda zai nutse. Kamar dai yadda ƙwai ke nutsewa a ruwan sha amma ya taso in an zuba gishiri da yawa. Ruwa in ya yi kauri da sukari sai bututun ya ƙara tasowa. Yanzu kuwa wata 'yar na'ura ake amfani da ita mai kama da tocila, ana ce mata rifraktomita, mu kira ta madubin awon zaƙi. Ka taɓa sa cokali a kofin gilashi mai ruwa ka ga kamar ya karye daga inda ya shiga ruwan? Haske ne ke lanƙwasa. To gwargwadon yawan abin da ya narke a ruwa, gwargwadon lanƙwasar hasken. Sai a ɗiga ɗigo biyu ko uku na ruwan mangwaro a kan gilashin na'urar, a rufe murfin, a ɗaga ta wajen haske a leƙa. Za a ga layi tsakanin shuɗi da fari, lambar da layin ya tsaya a kai ita ce amsar. Irin ta hannu da aka fi sayarwa tana karantawa daga 0 zuwa 32. Kafin a fara sai a ɗiga tataccen ruwa a tabbatar ta nuna 0, sannan a goge ta tas bayan kowane awo, in ba haka ba ragowar na baya zai ɓata na gaba. Zafi ma yana taɓa lissafin, don an saita ma'aunin ne a kan zafin digiri 20, shi ya sa ba a awo da na'urar da ta wuni a rana.

Wannan lamba ba ta wasa ba ce a kasuwar duniya. Ƙa'idar cinikin abarba tsakanin ƙasashe ta ce kada ta gaza Biriks 12. Kankana a ƙa'idar Turai kada ta gaza 8. A Japan har injina suke da su masu haska ɗan itace da wani irin haske da ido ba ya gani, su faɗi sukarinsa ba tare da an yanka ba, a manna lambar a jiki mai saye ya gani. Mu a nan sai dai mai kankana ya yanko maka ɗan ƙyalle a bakin wuƙa ya ce "ɗanɗana, Alhaji." Kuma ka lura, daga tsakiya yake so ya zurfafa wuƙar, don ya san tsakiyar kankana ta fi gefen ɓawo zaƙi. Haka abarba, gindinta ya fi wajen ganyen zaƙi. Lemo ma ɓangaren ƙasa ya fi na wajen kara. Saboda haka masu awo na gaskiya ba sa yarda da ɗigo daga wuri ɗaya, matse duka suke yi su gauraya.

Amma madubin nan yana da iyaka. Duk abin da ya narke yake ƙirgawa, bai san sukari daga tsami ba. Ruwan lemon tsami zai iya nuna maka 7 ko 8 alhali sukarinsa bai kai giram 3 ba, sauran duk sinadarin tsami ne. Don haka masu cinikin lemo sai su auna tsamin daban, su raba. A Tarayyar Turai lemon zaƙi ba ya shiga kasuwa sai sukarinsa ya ninka tsaminsa aƙalla sau shida da rabi. Wannan rabon shi ya fi kusa da abin da baki ke ji. Lemo biyu za su iya zama da sukari iri ɗaya, ɗaya ka sha ka lumshe ido, ɗaya ka yamutsa fuska.

Tunda an ambaci wannan na'ura, masu zuma ma suna amfani da irinta don sanin yawan ruwan da ke cikin zuma, ana so kada ya wuce kashi 20 cikin 100. Sai dai ba ta gane zumar da aka haɗa da dafaffen sukari. Duk wanda ya nuna muku lamba a madubi ya ce ga shaidar zumarsa tsantsa ce, lambar ba ta faɗi haka ba.

*Me ya sa harshe ke ruɗuwa?*

Sukarin 'ya'yan itace iri uku ne a haɗe. Akwai sukuros, irin na rake da muke sa wa shayi. Akwai gulukos, wanda bai kai shi zaƙi ba, wajen kashi 70 cikin 100 na zaƙinsa yake da shi, amma shi ne ke shiga jini kai tsaye. Sai furuktos, wanda ya fi su duka zaƙi. Kankana tana da furuktos da dama ga shi kusan ba ta da tsami, shi ya sa ɗan sukarinta yake cika baki. Wani abin kuma, furuktos yana ƙara zaƙi in ya yi sanyi. Kankanar da ta kwana a firij ta fi wadda aka yanka a rana daɗi, alhali ko giram ɗaya bai ƙaru ba. Ƙamshi ma yana taimakawa, mangwaro mai ƙamshi sosai sai a ji kamar ya fi zaƙi.

Akwai ma wani ɗan itace ja ƙarami a dazukan kudancin Najeriya da Gana, Yarbawa na ce masa agbayun. In ka tauna shi sannan ka sha lemon tsami sai ka ji kamar an zuba masa zuma, har na tsawon rabin awa ko fiye. Lemon bai canza ba, harshen ne aka juya.

Sai maganar nuna. Ɗanyar ayaba kusan kashi 20 cikin 100 nata sitaci ne, in ta nuna sosai sitacin sai ya koma kashi 1 ko 2, sauran ya rikiɗe sukari. Mangwaro ma haka yake, ana tsinkarsa da sitaci a ciki ya ƙarasa nuna a gida. Ayabar da ta fara ɗige-ɗigen baƙi ta fi saurin ɗaga sugan jini a kan wadda ke da sauran kore a bakinta. Amma kankana da abarba da lemo da inibi ba sa ƙara sukari bayan an cire su daga uwa. Abarbar da aka sare da wuri ko ta yi mako a kicin sai dai ta yi laushi ta yi rawaya, tsaminta ya ɗan sauka. Saboda haka su a wajen saye ake zaɓe. Kankana a duba inda ta kwanta a ƙasa, in ya yi rawaya-rawaya kamar man shanu ta nuna a gona, in fari ne fat an yi gaggawa. Ta kuma yi nauyi a hannu. Buga ta da yatsa da ake yi, gaskiya sai wanda ya daɗe a sana'ar, mu sauran kwaikwayo kawai muke. Abarba a shinshina gindinta. Lemo kuwa kada korensa ya hana ku saye. Lemon Binuwai yakan nuna yana kore, don launin ruwan lemo da kuke gani a na ƙasashen waje sanyin dare ne ke kawo shi, mu kuwa darenmu da ɗumi.

A kula da mangwaro da ayabar da aka nunar da kabaid, irin na masu walda. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kai saboda gubar da ke tattare da shi. Galibi tun bai ƙosa ba ake tsinko shi, sai ka ga ɓawo ya yi rawaya ciki kuwa lami, ba ƙamshi, wani wajen da tauri.

*To nawa ne a cikin abin da muke ci?*

Ku riƙe wannan: ƙaramin cokalin shayi ɗaya na sukari giram 4 ne. Da shi za ku riƙa lissafi.

A giram 100 na abin da ake ci, bayan an cire ɓawo da ƙwallo, mangwaro yana da kusan giram 14, ayaba 12, abarba 10, lemo 9, gwaiba 9, gwanda 8, kankana 6. Inibi ya kai 15 zuwa 16. Fiya kuwa ko giram 1 ba ta kai ba. Waɗannan matsakaitan lambobi ne. Irin mangwaron da ake ce wa binta siga in ya nuna a bishiya zai iya haura haka, na farkon kaka mai tsami kuma ya gaza.

Inda matsalar take shi ne ba wanda ke tsayawa a giram 100. A lokacin mangwaro mutum zai zauna da bokiti a gabansa. Ƙananan mangwaro biyar, kowanne da nama giram 100, sun ba ka wajen giram 70, wato cokali 17 a zama ɗaya. Babban mangwaro guda mai nama giram 300 cokali 10 ne. Kankanar da muka ce ba ta da yawa, in ka sha rabin kilo na janta, wanda ba wuya a lokacin zafi, ka sha kusan cokali 8. Ayaba matsakaiciya ɗaya cokali 3 da rabi. Lemo matsakaici ɗaya cokali 3.

Sai dabino, kuma a nan za mu ɗan tsaya, don shi ne abin da ba a rasa shi a gidajenmu, musamman da azumi. Busasshen dabino wajen kashi biyu cikin uku na nauyinsa sukari ne, giram 63 zuwa 66 a kowane 100. Dalili shi ne ruwansa ya tafi. Larabawa sun raba nunarsa mataki huɗu: kimri yana kore, khalal ya yi rawaya ko ja yana da ƙarfi, ruɗab ya yi laushi, sai tamar da ya bushe. Duk matakin da ya hau ruwa na raguwa, sukari na taruwa. Ɗanyen dabino irin wanda ake samu a Dutse lokacin kakarsa bai kai busasshen da ake kawowa daga Agadas tarin sukari ba in aka auna su nauyi ɗaya. Girman ƙwaya kuma shi ne abin da mutane ba sa lura da shi. Ƙaramin dabino irin Deglet Nour na Aljeriya da Tunisiya, ƙwaya ɗaya wajen giram 7 ce, sukarinta cokali ɗaya da ɗan ɗoriya. Babban nan mai laushi da ake kira Majdul, ƙwaya ɗaya ta kai giram 24, sukarinta giram 16, cokali 4 cur. Mutum biyu za su ce "dabino uku na ci da buɗa-baki," ɗaya ya ci cokali 3 da rabi, ɗaya ya ci 12. Ga mai lafiya wannan ba komai. Ga mai ciwon suga kuwa, in ya bi bayan uku manya da kunu mai sukari da lemon kwalba, aikin ya yi yawa. Ya ɗauki ƙanana ɗaya zuwa uku, ko babba guda, ya sha ruwa, sunnar ta samu.

Haɗin da ake yi na dabino da zuma da madara a bilenda, a sani babban cokali ɗaya na zuma shi kaɗai giram 17 ne. Zuma abu ne mai albarka, amma jini ba ya ware sukarinta ya ce wannan na zuma ne.

Kada wani ya karanta lissafin nan ya daina sayo wa iyalinsa 'ya'yan itace. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi a riƙa cin aƙalla giram 400 na 'ya'yan itace da ganyaye a kullum. Iyakar da ta sa a 2015, wato kada sukari ya wuce wajen giram 50 a rana ga babba, in da hali ma 25, ba ta shafi ɗan itacen da aka ci shi ɗungurungum ba. Ta shafi sukarin da aka zuba a abinci, da zuma, da ruwan 'ya'yan itace da aka matse. Bambancin shi ne zare-zaren ciki da tuƙar da ake haɗiyewa, su ne ke riƙe sukarin ya shiga jini sannu a hankali, kuma su cika ciki. Kofi ɗaya na matsattsen lemo yakan ci lemo uku, sukarinsa ya haura giram 20, a shanye shi cikin minti ɗaya. Lemon kwalba yana da giram 10 zuwa 11 a kowane mililita 100, matsattsen lemo 8 zuwa 9. Tazarar ba ta da yawa. Uwargida, in za ki ba yara, ki yanka musu su tauna, ya fi ki matse ki tace ki zubar da tuƙar. Mu kuma da muke yanke kan lemo mu tsotse ruwan mu yar da sauran, matsattsen muka sha ba mu sani ba.

*Ga mai ciwon suga*

A 1981 wani likita a Jami'ar Toronto ta Kanada, David Jenkins, ya fito da wani ma'auni na daban, wanda ke duba saurin da abinci ke ɗaga sugan jini. A wannan ma'auni kankana tana sama, mangwaro da lemo suna ƙasa da ita. Daga nan ne maganar "kankana haramiyarku ce" ta samo asali. Amma da yake sukarinta kaɗan ne a kowane yanka, yanka ɗaya madaidaici ba ya yin ɓarna. Yawan da aka ci shi ne magana.

Masu ba da shawarar abinci sukan ɗauki kimanin giram 15 a matsayin kaso ɗaya. Wato lemo matsakaici ɗaya, ko ƙaramar ayaba ɗaya, ko ƙaramin mangwaro ɗaya, ko kunci guda na babba, ko yanka biyu na abarba, ko kankana cikin kofi ɗaya da rabi, ko ƙananan dabino uku. Kaso ɗaya a zama ɗaya, a raba su cikin wuni, kada a ɗora a kan tuwo ko shinkafa nan take. In an haɗa da 'yar gyaɗa ko nono marar sukari yakan rage saurin hawan. Mai ciwon ƙoda shi kuma ya tambayi likitansa kafin ayaba da lemo da dabino, nasa lissafin ba na sukari kaɗai ba ne.

Awon da ya fi kowanne amfani gare ku shi ne na jikinku, don mutum biyu za su ci mangwaro iri ɗaya jininsu ya amsa daban. In kuna da na'urar gwajin suga a gida, ku gwada kafin ci, ku ci kaso ɗaya, ku sake gwadawa bayan awa biyu, ku rubuta a littafi da sunan abin da kuka ci. Ga yawancin masu ciwon, ana so bayan cin abinci lambar ta tsaya ƙasa da 180, ko ƙasa da 10 in na'urarku mai ƙananan lambobi ce. In kun yi haka sau biyu ko uku da kowane ɗan itace za ku san naku, kuma littafin zai taimaki likita ranar asibiti. Kada dai a rage ko a ƙara magani da kai saboda lamba ɗaya.

Ku wanke hannu da ruwa da sabulu ku busar kafin ku huda yatsa. Wanda ya ɓare lemo ko ya taɓa dabino ya yi gwaji haka nan, ragowar sukarin da ke fatar zai haɗu da jinin na'urar ta nuna lamba mai firgitarwa, kuma an gwada an ga goga audugar sifirit ba ta wadatar, sai wanki. Haɗarin shi ne mai allurar insulin ya ga lambar ƙarya ya ƙara allura sugansa ya faɗi. Haka nan kada ku ɓata tsinken gwajinku kuna tsoma shi a ruwan mangwaro don sanin sukarinsa, don jini aka yi shi, kuma gulukos kaɗai yake gani.

Wuri ɗaya ne matsattsen lemo ya fi wanda ake taunawa: in suga ya faɗi. Mai shan magani ko allura in ya ji rawar jiki, gumi, jiri, bugun zuciya, ya gwada ya ga ƙasa da 70, wato 3.9, to ya sha rabin kofin matsattsen lemo ko cokali 4 na sukari a ruwa, ya jira minti 15 ya sake gwadawa, in bai hau ba ya maimaita. Ko yana azumi ne, likitocin ciwon suga sun ce ƙasa da 70 ko sama da 300 a karya. In kuwa ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wanda ke da mai ciwon suga a gida ya tura masa.